Tara tsofaffin takubba da makaman gargajiya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin makamai suka fi yi, musamman wanda ya gaji takobi a gida, ko wanda dillali ya kawo wa ɗaya yana jiran ya taya. Amsoshin sun taɓo takubban ƙasashe da dama, amma an fi tsayawa a kan na ƙasar Hausa da maƙwabtanta, domin shi ne mai karatu zai fi saurin samu a hannunsa.

Da wane irin makami ya kamata sabon shiga ya fara?

Da wanda za ka iya gani ka taɓa sau da yawa ba tare da ka hau jirgi ba. Ga mutumin Kano ko Damagaram ko Sakkwato, takobi irin namu ke nan, da wuƙar damtse, da mashi. Yawancin matasa takobin Japan ne ke fara jan hankalinsu saboda finafinai, alhali can ne farashi ya fi tsada, jabu ya fi yawa, kuma babu wanda zai duba maka a kusa. A nan kuwa jikokin maƙeran da suka yi aikin suna raye, dukawa masu ɗinka kube suna nan a Kasuwar Kurmi, a fadoji kuma akwai dattawan da suka san takobin kowane gida.

Hoto ba ya ƙwarar da ido. Ka je Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da na Kanta a Argungu, da na Boubou Hama a Yamai. Ka tsaya ka kalli sulke da lifidi da kwalkwali, kayan da tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da su wajen ƙarshen ƙarni na 14. Shawarata ita ce ka daɗe kana kallo kafin ka fitar da ko sisi.

Yaya ake bambanta takobin Hausa da Buzaye da na Sudan?

Namu miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, tsawon ruwansa yakan kai santimita 75 zuwa 85. Sau da yawa za ka ga dogayen kwarmi uku siraira a tsakiyar ruwan, na tsakiya ya fi tsawo. Bakinsa ba tsini ba ne sosai, a zagaye yake, don takobin sara ne daga kan doki ko raƙumi. Ƙarfen da ya gicciye tsakanin ƙota da ruwa faffaɗa ne, an lulluɓe shi da fata ko da tagulla mai zane, a ƙarshen ƙota kuma akwai dunƙule. Buzaye da Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari duk sun riƙe shi, kowa da irin adonsa, ana rataya shi a kafaɗa da hamila.

Na Sudan da gabashin Chadi, wanda masu tarawa ke kira kaskara, ya ɗan fi tsawo. Giciyensa siririn ƙarfe ne tsirara, kan ƙotarsa faifai ne, kubensa kuma yana buɗewa kusa da ƙarshe kafin ya sake tsukewa. Idan ka ga wannan buɗewar kuben, daga gabas ya fito. Har yanzu ana ƙera shi a Kasala, a gabashin Sudan.

Da gaske ne ruwan takubban kakanninmu daga Turai aka kawo shi?

Da yawa daga cikinsu, i. Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa ruwan takubba kusan 50,000 ne ke shigowa kasuwar Kano a shekara, kowanne a kan wuri dubu, ya kuma ce kusan duk waɗanda ya gani daga Solingen ne, garin maƙera a Jamus. Ƙiyasi ne na matafiyi, ba lissafin kwastan ba, amma ko da an rage rabinsa, ya nuna girman cinikin. Ruwan kawai ake kawowa tsirara, ta Tarabulus da Gadamas da Gat a bayan raƙuma. A Kano ake sa masa ƙota, a ɗinka masa kube, daga nan ya bazu zuwa Azbin da Barno da Nupe.

Wannan bai hana maƙeran gida aiki ba. Sun narka tama sun ƙera nasu, kuma da suka ga masu saye suna neman alamomin da ke jikin na Turai, sai suka riƙa bugawa a nasu. Shi ya sa za ka ga jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, suna juya wa juna baya ko suna fuskantar juna, a takubba marasa adadi. A na Jamus an buga alamar da hatimi mai kyau, ido da hanci sun fito tsaf. A na gida sau da yawa hatimin ya gaji, fuskar ta zama 'yan ɗigo-ɗigo, wani lokaci ma an buga ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Kada ka raina irin wannan. Ni a wurina takobin da aka narka ƙarfensa a ƙasar Katsina ko Zazzau ya fi ba da labari a kan na kamfanin da ya ƙera dubbai iri ɗaya, ko da kasuwa ba ta yarda da ni ba.

To ta yaya zan san shekarun takobi?

Ka fara da cire wa kanka tunanin cewa takobi yana da shekara ɗaya. Abu uku ne aka haɗa: ruwa, ƙota, kube, kuma kowanne da ranar haihuwarsa. Ruwa mai kyau yakan yi shekara ɗari biyu ko uku yana yawo daga hannu zuwa hannu. Ƙota takan lalace a sake ta. Kube kuwa fata ne, in ya yi shekara talatin yana shan rana da gumin doki ya yi ƙoƙari. Saboda haka kube sabo fil ba ya nufin takobin sabo ne, tsohon kube kuma ba ya tabbatar da komai, don ana iya zura sabon ruwa a ciki.

Ka ɗauke shi ka fita haske. Ka kwantar da ruwan a tafin hannu ka kalle shi daga gindi zuwa baki. Tsohon takobin da aka yi aiki da shi yana ramewa daga tsakiya zuwa ƙarshe saboda yawan wasawa, har kwarmin gefe su kusa haɗewa da kaifi. Ka duba kwarmin: waɗanda aka yi tun wajen ƙira suna tafiya sumul, zurfinsu ɗaya, waɗanda aka ƙwaƙule daga baya da injin wasa wuƙa suna karkacewa, cikinsu da kaushi. Ka dafa bakin a kan katako ka ɗan lanƙwasa shi a hankali. Mai kyau zai dawo ya miƙe, wanda aka yanko daga falankin ƙarfe zai tsaya a lanƙwashe. Sai ka duba kaurinsa. Na da yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa baki, shi ya sa yake da sauƙi a hannu. Wanda kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kana ɗaga shi ka ji nauyinsa ya rinjayi wuyan hannunka, yawanci na ƙarni na 20 ne, daga sifirin mota ko wani ƙarfen kanti.

Sannan ka leƙa lungunan da hannu ba ya kaiwa, kamar inda ruwa ya shige ƙarƙashin giciye. Dattin shekaru baƙi ne, ya daskare, ba ya fita da farce. In ka ga walda, ko gam na zamani, ko zaren roba a ɗinkin fata, wannan ɓangaren dai ba tsoho ba ne.

Dillali ya ce da wannan takobin aka yi jihadin Shehu. In yarda?

Ka tambaye shi: daga hannun wa ka karɓo, shi kuma daga wa? In silsilar ta tsaya a "wani tsoho a ƙauye", to ka sayi ƙarfen da ke gabanka a kan darajarsa, kada ka ƙara ko naira ɗaya saboda labarin. Kusan kowane takobi a kasuwa an yi yaƙin Alkalawa ko na Burmi da shi, in dai bakin mai sayarwa za a bi.

Takubban da tarihinsu ya tabbata ba sa yawo a buhu. Gajere, takobin da ake dangantawa da Muhammadu Korau, yana cikin kayan sarautar Katsina. Wanda al'ada ta ce Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da shi yana fadar Daura. Takubban da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa suna fadar Topkapi a Istanbul, cikin kayan amana da sarakunan Usmaniyya suka fara tarawa bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Ko a irin waɗannan manya masana suna muhawara. Takobin da Faransa ta miƙa wa Senegal a 2019 da sunan na Alhaji Umaru Tal, wanda sojan Faransa Louis Archinard ya kwaso a 1893, ruwansa ƙirar Klingenthal ne a Faransa, kuma akwai masana tarihi da ke ganin na ɗansa Ahmadu ne. In haka ta faru da takobin da ke da takardu a gidan tarihin sojan Faransa, ka auna na buhun dillali.

Labarin da ke da hujja kuwa kuɗi ne. A watan Mayun 2023 an yi gwanjon wani takobin Tipu Sultan, sarkin Maisur a Indiya da Ingilishi suka kashe a 1799, a kan fam miliyan 14 a Landan. Abin da ya kai shi can shi ne an san hannun da ya bi tun daga ranar da aka ɗauke shi a fadarsa.

In akwai sunan maƙeri ko rubutun Larabci a jiki fa?

Satar suna ta girmi dukkanmu. A Turai an tono takubba kusan 170 na ƙarni na 9 zuwa na 11 masu ɗauke da sunan Ulfberht, kuma da aka gwada ƙarfensu sai aka ga wasu na ƙwarai ne, wasu kuwa kwaikwayo ne da aka yi tun a wancan zamani, har da kuskuren jera haruffa. Alamar kyarkeci mai gudu ta maƙeran garin Passau a Jamus ce, maƙeran Solingen suka ɗauka suka riƙa bugawa. Sunan shahararren maƙeri Asadullahi na Isfahan yana jikin takubban Farisa masu yawan da mutum ɗaya ba zai iya ƙerawa ba, waɗanda tsakanin wasunsu ya haura shekara ɗari.

Rubutun Larabci ma haka. "La fata illa Aliyu, la saifa illa Zulfiƙar" yana jikin takubba daga Maroko har Indiya, addu'a ce da neman albarka, ba shaidar mai shi ba. Kaskara da yawa na zamanin Mahadin Sudan an cika ruwansu da rubutu da aka ci da asid, wani wurin ma kalmomin maimaici ne kawai don ado. Rubutu yana taimakawa ne in salon hannun, da yadda aka zana shi, da ƙarfen, duk sun yi daidai da zamani ɗaya.

Mene ne ƙarfen Dimashƙu da ake ta yabo?

Abu biyu ne ake kira da wannan suna, kuma masu sayarwa suna jin daɗin rikicewar. Na asali ƙarfe ne da ake narkawa a rufaffiyar ƙaramar tukunya a kudancin Indiya da Siri Lanka, a kai curinsa Farisa da ƙasashen Larabawa a ƙera. Zanen da ke jikinsa, mai kama da gudun ruwa, daga cikin ƙarfen yake fitowa, ba a haɗa komai da komai ba. Sana'ar ta mutu wajen ƙarni na 19, sai a ƙarshen ƙarni na 20 masu bincike suka gano cewa wasu 'yan sinadarai ƙalilan da ke cikin tamar, irin su banadiyam, suna da hannu wajen fitowar zanen.

Na biyu shi ne a jera ƙarfe iri biyu, a yi ta ninkewa ana bugawa, sannan a tsoma a asid zane ya fito. Shi ne ya cika intanet, ana ƙera shi da yawa a Pakistan da Indiya. Zanensa manya ne, fari da baƙi ƙarara. Na asali zanensa siriri ne, sai ka karkata ruwan ga haske kake ganinsa sosai. Wuƙa mai sheƙi da aka ce ta Dimashƙu ce a kan kuɗin buhun shinkafa, ta biyun ce.

Me ya sa takobin Japan ya fita daban a wajen masu tarawa?

Saboda Japanawa sun tsara abin fiye da kowa. Sun rubuta sunayen maƙera da makarantunsu na ɗaruruwan shekaru. Akwai ƙungiyar NBTHK da aka kafa a 1948, wadda ke duba takobi ta ba shi takardar shaida. Kowane takobi a ƙasar sai da katin rajista, maƙeri sai ya yi shekara biyar yana koyo kafin a ba shi lasisi, kuma ba a yarda ya ƙera dogon takobi fiye da biyu a wata ba. Tun 1876 aka hana yawo da takobi a can. Bayan 1945 sojojin Amurka sun kwashe masu ɗimbin yawa zuwa gida, shi ya sa ake samun na ƙwarai a Amurka har yau. A wannan hargitsin ne shahararren takobin nan Honjo Masamune ya ɓace, bayan an miƙa shi ga 'yan sanda a Tokyo a ƙarshen 1945.

Ƙa'ida ɗaya da ya kamata kowa ya sani: jelar ruwan da ke cikin ƙota, inda maƙeri ke sa sunansa, ba a goge ta har abada. Launin tsatsar da ke wurin da shi ake auna shekaru. Wanda ya kankare ta ya zubar da mafi yawan darajar takobin. Gyaran ruwan kuma aikin gwanaye ne da ke shafe kusan shekara goma suna koyo.

Waɗanne iri ne kuma ake yawan haɗuwa da su?

Shamshir na Farisa, mai lanƙwasa sosai. Talwar na Indiya, mai faifai a kan ƙota. Kilij da yatagan na Turkiyya. Nimsha ta Maroko, filisa ta Kabilawan Aljeriya, shotel na Habasha mai siffar lauje. A wuƙaƙe akwai jambiya ta Yaman, da hanjar na Oman wanda ke jikin tambarin ƙasar, da kukri na Nepal, da kiris na Indonesiya mai ruwa a murɗe, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2005. Alhazai sun daɗe suna dawowa da jambiya tsaraba, amma akasarinsu na ado ne da aka yi don baƙi.

Wace irin dabara masu jabu suke yi?

Su binne sabon ruwa a ƙasa mai laima, ko su zuba masa ruwan batir ko gishiri. Tsatsar da ke fitowa ja ce, iri ɗaya ko'ina, tana goguwa a yatsa, ramukan da ta ci kuma girmansu ɗaya. Tsufa na gaskiya ba ya zuwa daidai wa daida: wani wuri ya yi baƙi, wani ya yi sumul saboda hannu. Fata kuma su shafa mata toka da mai su rataye a madafa ta sha hayaƙi. Ka sansana, hanci yana kama abin da ido ya rasa.

Amma ka bambanta jabu da sabo. Takobin da aka ƙera bara a Agadas ko Bida don hawan sallah ko don baƙi aikin hannu ne na halal, in an sayar da shi a matsayin sabo. Ƙarya ce ke mayar da shi jabu.

Takobina ya yi tsatsa. In kai a wasa shi ya yi fari?

A'a, don Allah. Tsofaffin takubban da gyara ya kashe sun fi waɗanda tsatsa ta kashe yawa. Mai injin wasa wuƙa zai cinye alamomin maƙeri cikin minti biyu, zafin injin kuma ya ɓata taurin ƙarfen. Samfefa ma haka, da toka da lemon tsami da ake goge tukunya da su.

Tsatsa iri biyu ce. Baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu da ta kwanta lumui ta riga ta mutu, tana ma kare ƙarfen, a bar ta. Ja mai gari-gari ita ce mai rai, ita ake tsayarwa. Ka ɗiga mata man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana biyu ya jiƙa, sannan ka murza da tsumman auduga. In ta yi tauri, ka kankare a hankali da ɗan guntun ƙaho ko katako ko jan ƙarfe, abin da bai kai ƙarfen tauri ba. Ka goge, ka sake, har tsumma ya daina yin ja. Daga nan ka shafa mai kaɗan, ko kakin Renaissance Wax da gidajen tarihi ke amfani da shi. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, suna daskarewa su yi tsami. Tagullar ƙota kuma kada a sa mata maganin sheƙi, duhun nan nata shekaru ne suka yi shi.

A cikin kube zan ajiye shi ko a waje?

In ajiya ce ta dogon lokaci, a waje, kuben a gefensa. Fata tana riƙe laima, sinadarin jima kuma yana cin ƙarfe. Damina ce babbar abokiyar gaba: a watan Agusta takobi na iya yin ja cikin mako ɗaya a ɗakin da ba iska. Hunturu kuma yana busar da fata ta tsage, don haka kada a rataye kube inda rana ke bugu. A nisanta shi da bangon ƙasa saboda gara. Bayan duk wanda ya taɓa ruwan da hannu, a goge, don gumin yatsa yana barin tabon da ba ya fita. A duba shi farkon damina da ƙarshenta. In da yara a gida, akwati mai makulli.

Doka ta yarda in saya in sayar, ko in fita da shi waje?

Nan ne mutane da yawa ke mamaki. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya ta ambaci makami da sulke da kayan sarauta ƙarara a cikin kayan tarihi, in dai aikin gida ne da aka yi kafin 1918, ko kuma yana da muhimmanci na tarihi kuma an yi amfani da shi a bikin gargajiya. Irin wannan kaya, dokar ta ce ba mai sayensa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi daga ƙasa sai da izininta. Gado a gidanku ba laifi ba ne, sai dai hukumar na iya neman a yi masa rajista. A kasuwa ba kowa ke bin wannan ba, kowa ya sani, amma a filin jirgi ne abin ke kama mutum. Ko sabon takobi za ka fita da shi, ka je gidan tarihi na ƙasa mafi kusa a duba a ba ka takardar da ta nuna ba na tarihi ba ne.

Nijar ma tana da dokarta ta kare kayan gado ta 1997, kuma ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya. Ƙasar da za a kai kayan ita ma da nata sharuɗɗa. Ingila, alal misali, ta hana shigo da lanƙwasasshen takobi mai tsawon santimita 50 ko fiye tun 2008, sai wanda aka yi kafin 1954 ko aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya.

A cikin gari kuma, kada ka rataya takobi ka hau babur. Ka naɗe shi, ka sa a bayan mota, ka riƙe takardarsa. Ɗan sandan da ke shingen hanya ba ruwansa da Solingen.

Ƙotar hauren giwa ce. Akwai matsala?

Akwai. Yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, ƙahon karkanda kuma, wanda ake ƙotar jambiya mai tsada da shi a Yaman, haramcinsa ya riga wannan. Ko tsoho ne sai da takardu, kuma kwastan na iya ƙwacewa ba diyya. Sabon shiga ya kauce musu kawai.

Tsofaffin kibau da bindigar toka suna da haɗari?

Ƙwarai kuwa. Dafin ƙwanƙwani da maharba da mayaƙa ke shafa wa kibiya yana daɗewa da ƙarfinsa shekaru masu yawa, kuma zuciya yake kamawa. Baƙin abu mai danƙo da ka gani a bayan tsinin kibiya, ka ɗauka dafi ne. Kada ka zura hannu cikin kwari, ka zazzage shi a kan tabarma, da safar hannu mai kauri. Bindigar toka kuwa sau da yawa an ajiye ta ne a ɗure, albarushi kuma ba ya tsufa yadda mutane ke zato. Kada a leƙa bakinta, kada a kai ta kusa da wuta. Ban da haka, dokar bindigogi ta Najeriya ta sa ta cikin waɗanda sai da lasisi, tsufanta bai fitar da ita ba.

Me ya sa mafi kyawun makamanmu suke gidajen tarihin Turai?

Wasu saye aka yi, wasu kyauta, da yawa kuma ganimar yaƙi ce. Bayan yaƙin Omdurman na Sudan a 1898 sojojin Ingila sun koma gida da kaskara masu yawa, haka bayan kashe Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916. An kwashe takubban sarautar Benin a 1897. Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903, abin da aka tsinta a fagen fama ya bi hafsoshi zuwa Ingila. Jikokinsu ne ke fito da su gwanjo yau. An fara mayar da wasu: a 2024 kayan sarautar Ashanti, har da takobin sarauta, sun koma fadar Manhyia a Kumasi, amma a matsayin aro daga gidajen tarihi biyu na Landan, abin da bai yi wa mutane da yawa daɗi ba.

Ga mai bincike akwai ɗan amfani a nan. Gidajen tarihi irin su Pitt Rivers a Oxford, da Royal Armouries a Leeds, da Metropolitan a New York sun sa hotunan kayansu a intanet kyauta, galibi da shekarar da kayan suka shigo hannunsu. Takobin da aka rubuta ya shiga a 1905 ya ba ka tabbacin yadda ƙota da kube suke kafin wannan shekara, sai ka gwada da naka.

Harkar tana kawo kuɗi?

Ga 'yan kaɗan. Takobin Hausa ko na Buzaye na yau da kullum ba ya tsada a kasuwar duniya in an gwada da na Japan ko Farisa, kuma ga dokar da aka ambata a sama. Wanda ya shiga don riba zai fi samunta a wata sana'ar.

Na gaji takobin kakana. Me zan fara yi, kuma in 'yan'uwa suka ce a sayar a raba fa?

Kafin mai, kafin tsumma, ka ɗauki waya ka je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidan. Ka gaishe shi ka ce, "Baba, takobin nan na wane ne asali? A ina ya samo shi? Wa ya sake masa kube, a wane gari? An taɓa hawa da shi, a zamanin wane sarki?" Kada ka manta da tsofaffin mata, sau da yawa Goggo ko Inna ce ta san ɗakin da aka ajiye shi da dalilin da ya sa ya bar hannun wane ya koma na wane. Ka naɗi muryarsu, ka rubuta ranar da sunan mai magana. Ka rubuta abin da suka gani da idonsu daban, abin da suka ji daban.

Sannan ka auna tsawon ruwa, faɗinsa a gindi da tsakiya, da tsawon takobin gaba ɗaya. Ka ɗauki hoto gaba da baya a inuwa, da kowace alama a kusa, ka ajiye ma'auni a gefe. Ka kai hotunan wurin Sarkin Maƙeran garinku da ma'aikatan gidan tarihi, kowanne zai ga abin da ɗayan bai gani ba.

Maganar rabo kuwa, takobi dukiya ce cikin gado, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, don haka ba a ɓoye shi. Abin da gidaje da yawa ke yi shi ne a yi masa kuɗi a gaban malamin da ke rabon, mai so ya biya sauran kasonsu, ko duka su yarda a rubuce cewa ya zauna a hannun babban gida. In babu mai iya kula da shi, ana iya ba gidan tarihi ajiya. In za a yi haka, a rubuta yarjejeniya da ta faɗi cewa aro ne ba kyauta ba, da tsawon lokacinsa, da sunan wanda zai iya karɓowa, a haɗa da hotuna da awon da ka ɗauka, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.